Yadda za a taimaki karen da ya ji rauni a maƙogwaro

A ƙauyukanmu na Mai Wurno da kewayen Gadarif a ƙasar Sudan, karen gadi yakan ji ciwo a wuya ta hanyar cizon wani kare ko kura, ko igiya da waya da aka ɗaure shi da su, ko kuma ƙayar kifi da ƙashi da suka maƙale masa.

Kafin komai, kada a cusa hannu a bakinsa. Karen da yawu ke dalala daga bakinsa, ya kasa haɗiya, muryarsa kuma ta sauya, yana kama da wanda ƙashi ya tsaya wa, amma haka ciwon haukan kare yake bayyana a wasu lokuta, kuma cutar tana nan a Sudan. Idan babu rauni a fili, a killace shi a kira likitan dabbobi. Mutumin da karen ya cije shi ko yawun ya taɓa masa miki, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.

Idan jini ne ke zuba, a danna wurin da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ɗagawa ba, amma kada a naɗe wuyan da ƙarfi, domin hanyar numfashi da manyan jijiyoyin jini duk a nan suke. Kada kuma a sa masa takunkumi matuƙar yana haki ko numfashinsa na ƙara. Dasashin da ya yi fari ko shuɗi, da fatar wuya da ta kumbura tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa, alama ce ta gaggawa, don ta biyun na nuna iska na fita daga maƙogwaron da ya huje.

Ƙaramin rauni a wanke shi da dafaffen ruwa lita 1 mai ɗauke da gishiri gram 9. Toka da baƙin mai, waɗanda wasu ke yabawa, ɓata miki kawai suke yi, haka ma ibuprofen guba ce ga kare. Ramin haƙori yakan yi ƙanƙanta a waje alhali naman ciki ya yage, shi ya sa likita yakan bar kafar da ruwa zai fita maimakon ɗinke shi ruf, ya kuma rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A gida, a ba shi kunu ko asida mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan, a daina ɗaure shi ta wuya, a kuma duba mikin safe da yamma saboda ƙuda, domin a zafin nan tsutsa ba ta jinkirin shiga.