Gargaɗin kwamfaila da ba ya nuna inda ciwon yake

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a nan Yamai ya kawo mini ƙaramin kwamfailan da ya rubuta, wato manhajar da ke fassara shirin da mutum ya rubuta zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa. Yana aiki, amma duk kuskuren da ka yi, saƙo ɗaya yake fitarwa: “akwai matsala”. Na ce masa, ƙane, ai wannan kamar likita ne ya ce maka ba ka da lafiya, ya juya ya tafi.

Kuskure na farko ke nan, rashin nuna wuri. Sunan fayil da lambar layi kaɗai ba su isa ba. Kwamfailan Clang, da ya fito a 2007, ya yi suna ne saboda yana kwafo layin, ya sa alamar ^ daidai ƙarƙashin harafin da ke da laifi. Kwamfailan GCC, wanda ke nan tun 1987, sai a fitowar 4.8 ta 2013 ya bi sahu.

Wanda ya fi damuna shi ne gargaɗin da ke magana da harshen kwamfaila, ba na mai rubutu ba. Ɗauki `if (x = 5)` a harshen shirye-shirye na C. Mutum kwatantawa ya yi niyya, hannu ya zame ya bar `=` guda (mai sa wa x ƙima) maimakon `==` (mai kwatantawa). GCC zai ba shi shawarar ƙara baka biyu. Sabon shiga kuwa sai ya ƙara, gargaɗi ya ɓace, ɓarnar tana nan daram. Clang yakan kawo hanya biyu: in da gangan ne ƙara baka, in kwatantawa kake nufi sa `==`. Wanda ya rubuta saƙon ya tambayi kansa abin da mutumin ke ƙoƙarin yi.

Wani lokaci laifin ya shafi layi biyu, to nuna su duka. Bayan an gano a 2014 cewa an maimaita layin `goto fail` bisa kuskure a manhajar tsaron Apple, GCC 6 ya zo da `-Wmisleading-indentation` a 2016, yana nuna `if` ɗin da kuma layin da ke kama da nasa alhali ba nasa ba ne.

A ba kowane gargaɗi suna ko lamba, yadda harshen shirye-shirye na Rust ke da lambar kuskure E0382, har umarnin `rustc --explain` ya yi maka bayani. Mu nan abin ya fi shafarmu: kwamfutoci da yawa a Faransanci suke, fassarar saƙon ba ta cika fitowa a bincike ba, amma lambar ba ta canzawa. In saƙon ba shi da lamba, saitin `LC_ALL=C` zai dawo maka da saƙon GCC na asali, na Ingilishi.