Kafin Hadari Ya Haɗo: Yadda Muke Riƙe Layinmu

A watan Agustan 2022, watan da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa wa 'yan kasuwa kaya, mu ma akwai daren da ba mu runtsa ba. Wajen ƙarfe 2 na ji uwargida tana taɓa ni tana cewa, "Malam, tashi, takalma na yawo a tsakar gida." Ina sauko da ƙafa sai cikin ruwa, har idon sawu. Na ɗauki cocilan na leƙa waje, na tarar ba a gane kwata ba a gane hanya. Maza duk sun fito, kowa da gajeren wando, kowa yana tambayar wa ke da shebur. Layi mai gida 43, shebur biyu aka samu, ɗaya ma ƙotarsa a karye. Sai da gari ya waye muka gano abin da ya jawo mana: tsohuwar katifa ce ta tokare bakin kwalbatin ƙarshen layi, ledojin ruwa suka taru suka liƙe sauran kafar.

Daga wannan daren muka kafa ƙungiyar layi, aka ɗora mini sakatare, wai tunda na yi shekaru ina kiran suna a aji, hannuna ya saba da rajista. Abin da zan faɗa muku, wanda muka gwada ne, har da inda muka yi tuntuɓe.

Kada ku fara da maganar kuɗi. Duk taron da aka buɗe shi da "kowa zai kawo kaza", na biyunsa mutum biyar za a gani. Ku fara da zuwa wurin mai unguwa, ku uku ko huɗu, da dattijo a gaba. Mu abin da muka ce masa bai wuce wannan ba: "Ranka ya daɗe, ruwa ya shiga mana gidaje, muna so mu haɗa kai mu gyara, mun zo neman izini da albarka." Daga nan sai liman, domin sanarwarsa ɗaya bayan sallar isha'i ta fi takardar gayyata hamsin. Wajen zaɓen shugaba kuma, ku guji ɗauko wanda ya fi kowa kuɗi don kunya. Alhajin da ke Legas yau, gobe Dubai, a ba shi uban ƙungiya, ya ji daɗi ya taimaka. Shugabanci na wanda ake samu a layi ne da rana tsaka. Namu tela ne, shagonsa na kallon layin gaba ɗaya, ko akuya ce ta faɗa kwata shi zai fara gani.

Kuskurenmu na farko shi ne mun yi wata shida babu mace ko ɗaya a cikin shawara. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ce ta aiko ɗanta ya gaya mini, "Mama ta ce a tambaye ka, in wuta ta tashi da hantsi, wa ke gida?" Ban da amsa. Yanzu mata suna da wakilai biyu, kuma rabin abin da na sani game da gidajen layin nan daga wurinsu na ji. Haka 'yan haya: ruwa ba ya tambayar takardar gida kafin ya shiga, don haka su ma 'yan ƙungiya ne cikakku.

Sai littafi. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk abin da muke yi, shi zan ɗauka. Babban littafi ne mai bangon kwali, kowane gida da shafinsa. A saman shafi sunan maigida da lambar waya biyu, tasa da ta wani babba a gidan. A ƙasa kuma abubuwa iri biyu nake rubutawa. Na farko, wa za a fara ɗaukowa in abu ya faru: tsohuwar da ba ta iya tafiya, mai shanyewar ɓarin jiki, mai tsohon ciki, makaho, almajiran da ke kwana a zaure. Na biyu, me gidan yake da shi da zai yi wa jama'a rana: mota ko adaidaita, tsani, rijiya ko bohol, janareta, injin jan ruwa, diga, baro. A haka muka gano ashe muna da nas biyu, da mai aikin wayarin, da direban tanka, duk a layi ɗaya, muna ta gaisawa shekara da shekaru ba mu sani ba. Kowane mai rauni mun rubuta sunan matasa biyu a gefen nasa, kuma an gaya musu baki da baki: "Kai da kai, in an yi ihu, ɗakin Baba za ku nufa, ba wurin kallo ba." In ba a ɗora wa mutum abu da sunansa ba, kowa zai ɗauka wani ya yi. Littafin nan sirrin mutane ne, ba a ɗaukar hotonsa a watsa a WhatsApp. Kwafi biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin shugaba, kuma duk bayan babbar salla nake zagayawa in sabunta, don ana tashi, ana tarewa, ana haihuwa, ana rasuwa.

Kuɗi kuwa, naira 1,000 muke karɓa a wata daga kowane gida. Gidan marayu da na wanda aka san ba shi da hali, ma'aji yana sa musu alama ya wuce, ba a faɗa a taro. Mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kuma duk wata uku ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci, da rasit a hannu. Kada ku ba da rance daga ciki. Mun taɓa tausaya wa wani da bikin 'yarsa ya matso, kuɗin ba su dawo ba sai bayan wata tara, gaisuwa ma ta yi tsami tsakaninsa da ma'aji.

Yasar kwata a watan Afrilu muke yi, ko farkon Mayu in an makara, lokacin da take a bushe ko kusa da haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, take fitar da hasashen damina, NIHSA kuma, hukumar nazarin ruwa da koguna ta ƙasa, ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya, gidajen rediyo suna faɗa da Hausa. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa saurara yana kawo wa taro.

Ranar aikin, daga ƙasa ake farawa, wato daga inda ruwan layi yake fita, a yi sama. In kuka fara daga sama, ƙazantar za ku tura wa na ƙasa, ta je ta cushe a kwalbati. Kafin ranar ma ku je ku ga mutanen layin da ruwanku ke gangarawa wurinsu, ku sa rana ɗaya, in ba haka ba kun gyara naku kun haɗa faɗa. Ku raba matasa rukuni rukuni, kowane rukuni da shebur, manjagara da baro. A sayo safar hannu mai kauri da takalmin roba, domin abin da ke cikin kwata ba ƙasa kaɗai ba ce, akwai fasassun kwalabe, reza, har allurar asibiti mun sha tonowa. Wanda ya yanke a wanke masa da sabulu da ruwa mai kyau a kai shi a duba maganar allurar tetanus, kada a ce ƙaramin ciwo ne.

Ga inda kusan kowa yake faɗuwa: kwashewa. Shekarar farko mun yashe kwata tas, muka tara baƙar ƙasa tsibi tsibi a gefenta, muka sha kunun zaƙi muka watse muna yaba kanmu. Kwana tara ana cewa gobe za a nemo mota. A na goma aka yi ruwan farko, ya mayar da komai inda muka ɗebo shi. Yanzu ba ma sa shebur a ƙasa sai mun riga mun yi ciniki da mai tifa ko masu kura, an ba da kafin alƙalami, an sa rana. Kwana biyu ake bari ta tsane don ta yi sauƙin ɗauka, a na uku ta bar layin. Bayan wannan babban aikin, Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ta isa a riƙa bi ana tsince leda, musamman a bakin kwalbati, inda muka sa ragar ƙarfe kuma muka ɗora wa mai shayin wurin duba ta duk bayan ruwa.

Masu dakali da masu gangaren shigar da mota su ne ciwon kai. Mutum ya zuba kankare ya rufe kwata ruf, tsawon gidansa, ba ta inda shebur zai shiga. Ba ma cewa a fasa. Muna roƙo a yanka a sa murfin da ake ɗagawa, ƙungiya ta biya rabin aikin. Da lalama aka samu shida cikin bakwai.

A wannan zagayen ne kuma ake duba gidajen ƙasa: gindin katanga in ya zaizaye a yi masa yaɓe, indararon da ke zuba a jikin bangon maƙwabci a juya shi. A duba bakin rijiya, in ya yi daidai da ƙasa a ɗaga shi da bulo biyu a yi masa murfi, domin ranar da ruwa ya malale, na masai da na rijiya haɗuwa suke, daga nan sai amai da gudawa. Duk gidan da ruwa ya shiga, a tafasa na sha. Kowace uwa a layinmu ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba mara lafiya ne ana kan hanyar asibiti, ba a zauna a kansa ba. Yara kuma a ja musu kunne kan kududdufi da kwata mai gudu. Ruwan da bai kai gwiwa ba, in yana da ƙarfi, babba ma yana kayarwa.

Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, ɗan ƙanwata da ke Gwange da waya kaɗai ya fita. Ya ce mini, "Kawu, kayan ɗaki ban damu ba, takarduna ne." Tun daga nan muka ce kowane gida ya haɗa takardun fili, na makaranta, na haihuwa da katin asibiti a leda mai kauri biyu, a ɗaure, a sa a saman durowa inda hannu ɗaya zai ɗauko a cikin duhu. Mun kuma tsayar da wurin haɗuwa, filin makarantar firamaren da ke kan tudu, don a iya ƙirga mutane da littafi.

In damina ta wuce sai hunturu, shi kuma da gobara yake zuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro hita ce. A jefa ta a bokitin roba, a ɗauke wuta, a manta, a kwanta, ƙarfe 3 na dare a dawo da wuta. Liman yana tunatarwa duk Juma'a daga Disamba zuwa Fabrairu: an ɗauke wuta, a zare komai. Kaskon gawayi ba ya kwana a ɗaki a rufe, janareta ma haka, hayaƙinsu yana kashewa ba tare da mutum ya farka ba. Fetur a jarka ba ya zama kusa da kicin. In an ji warin gas, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko ashana. Mai in ya kama a kasko, murfi ake kifa masa ko jiƙaƙƙen buhu, ruwa ƙara masa tashi yake. Wutar lantarki kuwa sai an kashe ta daga mita kafin a kawo ruwa, saboda haka kowa a gida, har yaran da suka yi wayo, ya san inda ake kashewa. Mun ajiye durom uku na yashi a layi, da tukunyar kashe gobara mai hoda guda biyu, ɗaya a shagon shugaba, ɗaya a masallaci.

Lambar 112 da ta ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da mu suna rubuce da fenti a bangon masallaci. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani, gidan mai ko makaranta, sannan a tura yaro da babur bakin titi ya jawo su, don lungunanmu ba su da suna a jiki. Lasifikar masallaci ita ce ƙararrawarmu, shi ya sa muka saya mata batir.

Get ɗin layi ya kusa ja mana. Mun sa shi saboda ɓarayi, 'yan sintiri suna kullewa ƙarfe 11. Wani dare naƙuda ta kama matar wani ɗan haya, mai makulli ya tafi zagaye, aka yi kusan minti ashirin ana dukan kwaɗo da dutse. Allah Ya sa ta sauka lafiya a asibiti. Yanzu makulli huɗu ne, biyu suna gidajen da ke jikin get ɗin, kuma an san tagar da za a ƙwanƙwasa. Mun kuma auna faɗin hanyar da igiya, muka ga in motoci suka kwana hagu da dama motar kashe gobara ba za ta wuce ba, sai aka koma ajiyewa a hannu ɗaya.

Saura mai dakali na bakwai. Bana ma na je, na zauna a kan dakalin nasa muka sha shayi, ya ce, "Malam, bari a sha ruwa tukuna." Na rubuta a shafinsa cewa zan koma bayan salla, wannan karon da liman.