Yadda Ake Shirya Fim Ɗin Tarihin Bauta a Katsina Ba Tare da An Tona Asirin Kowa Ba

Dokar Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Turawa sun shigo Katsina a 1903, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan jikokin bayi da jikokin iyayengijinsu suna sahu ɗaya a masallaci yau, kuma har gobe ana fasa aure idan aka je binciken asali. Mai shirin fim a kan wannan batu ya san cewa mutuncin rayayyu ne a hannunsa. Sayen kaya da ɗauka duk masu sauƙi ne a kan wannan.

Ku fara da tsuke batun

"Tarihin bauta" ya fi ƙarfin fim ɗin minti 25. Ku ɗauki reshe ɗaya. Ko rinji, wato ƙauyen da bayi ke noma wa ubangijinsu. Ko murgu, kuɗin da bawa ke biya don a bar shi ya yi sana'arsa, da fansa, yadda yake tarawa ya fanshi kansa. Ko hare-haren da aka yi ta kai wa juna tsakanin Katsina da Maraɗi bayan Ummarun Dallaje, mai tutar jihadin Shehu Ɗanfodiyo, ya karɓi gari a 1807, inda aka kame mutane a ɓangarorin biyu. Ko hanyar ayari ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus. A ganinmu murgu da fansa sun fi dacewa da fim na farko, domin suna nuna bawa yana da dabara da himma, ba abin tausayi kawai ba.

Takardu kafin kyamara

Ku tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Sannan Kaduna: ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa. A nan masu bincike ke ɓata kwanaki, saboda suna neman komai a ƙarƙashin Lardin Katsina, alhali sai 1934 aka kafa shi. Kafin 1926 Katsina tana Lardin Kano, daga nan zuwa 1934 tana Lardin Zariya. Ku nemi bayanan 'yanta bayi a kotunan alƙalai, kuma duk shafin da aka ba ku izinin ɗauka, ku rubuta lambar fayil ɗinsa nan take.

Izini da amana

Ba a faɗa wa unguwa da kyamara a kafaɗa. A bi ta mai unguwa, dagaci, hakimi. Ziyarar farko gaisuwa ce kawai, da goro, ba na'ura. Idan ƙauye ne, ku tambayi mutanen yankin halin hanya da tsaro kafin ku tashi.

Kada ku taɓa tambayar mutum ko kakansa bawa ne. Tambayar kaɗai cin fuska ce, kuma daga nan bakinsa ya rufe. Ku ce, "Baba, me manya suka ba ku labari a kan zaman rinji?" Idan ya ga dama shi zai kai kansa inda yake so. Idan ya kai, ku ba shi zaɓi uku: a nuna fuskarsa da sunansa, a sa murya kawai, ko wani ya karanta maganarsa. Ku ɗauki amincewarsa da bakinsa a farkon hirar, bayan kun faɗa masa inda za a nuna fim ɗin, har da cewa zai iya yawo a WhatsApp. Amincewar dattijo kuma ba ta ɗauke ta 'ya'yansa ba, su ne za su ci gaba da zama a garin da sunan gidan, don haka a sanar da babban ɗa ko babbar 'ya.

Tsofaffin mata su ne rumbun wannan tarihi: labarin ƙwarƙwara da sa-ɗaka, da cucanawan da aka haifa cikin gida, da waƙoƙin daka da niƙa. Namiji baƙo ba zai samu wannan a zaure ba. Dole a ƙungiyarku a sami mace mai iya riƙe waya da makirfo ta shiga cikin gida.

Kayan aiki da ranar ɗauka

Mutum uku sun isa: mai tambaya, mai ɗauka, mai kula da sauti. Waya mai ɗaukar hoto mai ingancin 1080p, ƙafar kyamara, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, abin saurare na kunne, fawa bank biyu. Ku saita hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba hasken ƙwan lantarki zai riƙa rawa a hoton. Hirar awa ɗaya kan ci gigabait 6 zuwa 8, saboda haka a kwashe a ajiye wuri biyu a daren.

Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa zama su saurari abin da ba sa ji. Ku maƙala makirfon kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, nesa da aikin wuyan babbar riga ko bakin hijabi, domin gogar yadi tana cinye magana. Ku roƙi a kashe janareto da fanka. Da hunturu a ɗauka cikin zaure, iska tana lalata sauti, a zaunar da mai magana yana fuskantar ƙofa, kada hasken ya fito ta bayansa. Safiya kafin ƙarfe 10 ko bayan la'asar sun fi kyau. Kada hira ta wuce minti 40. Idan tsohuwa ta yi shiru, ku ma ku yi shiru, sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne zuciyar fim ɗin. Bayan kowane labari ku tambaya, "Inna, wa ya gaya miki?" Wanda aka haifa a 1940 bai gani da idonsa ba, amma ya zauna da waɗanda suka gani.

Hoton da za a ɗora a kan magana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaso zanen jiragen ruwan bayi daga intanet a manna a kan labarin Katsina. Wancan cinikin Tekun Atlantika ne. Gaskiya ne an kai Hausawa har Bahiya ta Barazil, amma idan ba shi kuke bayani ba, hoton ƙarya yake yi. Ku ɗauki ragowar ganuwa, Ƙofar Guga, Hasumiyar Gobarau, dutsen niƙa, hannun manomi a kan garma, shafin takarda. Kada kuma ku ɗaura wa yaron unguwa igiya don kwaikwayo. Fim zai ƙare, laƙabin da abokansa za su sa masa ba zai ƙare ba.

Tacewa da majigi

Ku rubuta hirarrakin a takarda tukun, ku zaɓi abin da za a sa, sannan ku buɗe manhajar tace bidiyo kamar CapCut ko DaVinci Resolve. Inda baki da takarda suka saɓa, ku kawo duka biyun. Ku goge sunan kowane gida da aka ambata ba da izininsa ba, na bawa ne ko na ubangida. Kafin kowa ya gani, ku koma wa waɗanda suka yi magana ku nuna musu, abin da suka ce a cire a cire.

Ranar majigi, bayan isha'i, farin zane da lasifika mai kyau sun isa. A yi wa mata nasu zaman da rana a makarantar Islamiyya. Ku tanadi malamin da ya san hukuncin bauta da 'yantawa a fiƙihun Malikiyya, da masanin tarihi, domin tambayoyin za su zo ta fuskokin biyu. Mai gabatarwa ya faɗa tun farko cewa ba a kiran sunan gidan kowa a wajen tambaya, kuma ya riƙe makirfon a hannunsa don ya iya tsayar da wanda ya fara.