Yadda ɗalibin tarihi zai nemi gurbin karatu a ƙasar waje

Ɗalibin da ya karanta tarihi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya koma gida Ringim ko Ɗambatta yana tunanin ƙaro karatu a waje, yakan fara da tambayar ƙasar da zai tafi. A ganina wannan tambaya ce ta biyu. Ta farko ita ce abin da yake so ya bincika, domin a fannin tarihi batun bincike ne yake nuna jami'ar da ta dace, kuma shi malaman can suke dubawa kafin komai. Na kuma fi ba da shawarar a yi digiri na farko a gida, a bar fita sai digiri na biyu ko na uku, saboda yawancin tallafin karatu nan ya karkata.

Batun ya zama ƙarami kuma takamaimai. Wanda ya rubuta cewa zai binciki tarihin Arewa bai faɗi komai ba. Amma wanda ya ce zai duba yadda layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya sauya cinikin gyaɗa a Malam Madori da Gagarawa, ko yadda mutanen Haɗeja suke ba da labarin yaƙin 1906 idan aka gwada da rahoton Turawa, ko abin da basasar Tukurawa da Yusufawa ta jawo wa ƙauyukan gabashin Kano daga 1893, ya nuna cewa ya san inda ya dosa. A nan ɗan karkara yake da jarin da ɗan Landan ba shi da shi: yana jin Hausa, wataƙila da Fulatanci, ya yi allo yana karanta ajami, kuma dattawan da ke riƙe da labarin sun san mahaifinsa. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takardar neman gurbi.

Bayan an tsayar da batu sai a bi sawun takardu. Wasiƙun da gwamnatin mulkin mallaka ta Arewa ta riƙa aikawa Ingila suna ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew a Landan, takardun Lugga kuma suna Oxford, shi ya sa jami'o'in Ingila irin su SOAS (makarantar nazarin Afirka da Asiya ta Landan) da Birmingham suka dace da mai binciken zamanin Turawa. Mai sha'awar malamai da fatake ya dubi Jami'ar Northwestern a Amurka, inda aka adana tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Umaru Falke, wani malami ɗan kasuwa na Kano. Wanda bincikensa ya shafi iyakar Gumel da Damagaram zai buƙaci takardun Faransa da ke Aix-en-Provence, kuma ba makawa sai ya koyi Faransanci. Sai dai kada a nemi na nesa alhali ba a leƙa na kusa ba. Wanda bai taɓa zama a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa ba, da wuya a yarda ya shirya.

Daga nan sai a nemi malamin da aikinsa ya yi kusa da batun, a karanta wani abu da ya rubuta, a aika masa gajeren imel mai ɗauke da tambayar binciken, da majiyoyin da ake da su, da dalilin zaɓensa shi. Wannan ya fi zama dole ga mai neman digiri na uku. Doguwar gaisuwa da kirari, waɗanda a wajenmu ladabi ne, a can suna binne maganar.

Takardu su ne suka fi cin lokaci, don haka a fara su shekara guda kafin lokacin tafiya. A ɗauko takardar firamare, da sakamakon WAEC, da shaidar digiri, da katin ɗan ƙasa, a shimfiɗa su a tabarma a duba harafi bayan harafi. Sau da yawa za a tarar an rubuta Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, a wata kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe, ko ranar haihuwa ta sha bamban. A gyara wannan, a yi rantsuwar kotu in ta kama, kafin a je ofishin shige da fice neman fasfo. Cikakken sakamakon darussa daga jami'a yana iya ɗaukar watanni, haka ma wasiƙun shaida daga malamai, waɗanda ya kamata a roƙa daga wanda ya duba kundin digirinka, ba daga mai babban muƙamin da bai san aikinka ba. Jami'o'in Ingila da dama suna karɓar Turancin WAEC a madadin IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, amma a tabbatar daga shafin jami'ar.

Game da kuɗi, Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda a Ingila, tana kuma neman shaidar aiki na shekara biyu. Akwai DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, akwai tallafin gwamnatin Turkiyya wanda yake haɗawa da shekarar koyon harshe, jami'o'in Amurka da yawa kuma suna biyan ɗaliban digiri na uku alawus. Duk waɗannan kai tsaye ake nemansu ta intanet, saboda haka duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi ya samo gurbi, a yi hattara da shi. Mai biya da kansa ya sani cewa bizar Ingila tana buƙatar kuɗin su yi kwana 28 a jere a asusu, da gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kuma aikin awa 20 a mako da ake yarje wa ɗalibi ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Idan gurbi ya samu, watannin da suka rage na tattara kayan aiki ne, domin kuɗin jirgi ba zai bari a riƙa dawowa ba. A tambayi jami'ar ƙa'idarta ta hira da mutane tukuna, don wasu ba sa karɓar hirar da aka yi kafin su ba da izini. Sannan a je wa dattijo ta hannun mai unguwa ko limami, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, “Baba, ko za a yarda in naɗi maganar nan?” A rubuta sunansa da garin da ranar a farkon kowace hira. Tsofaffin takardun gidan malamai a ɗauki hotonsu a inuwa, shafi bayan shafi, a mayar wa masu su a ranar, a kuma ajiye kwafin hotunan a wuri biyu, ɗaya a waya, ɗaya a imel.