Yadda ake shiga makarantar nas a Bauchi ba tare da kin yi asarar shekaru ba

Kusan duk sati sai an tare ni, ko a gidan biki ko a bakin get ɗin asibiti ko a WhatsApp, "Anti don Allah ya ake shiga makarantar nas?" Wata uwar ma har gida ta biyo ni da rizal ɗin 'yarta a cikin leda, ta ce in duba mata ko zai yi. To na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana. Da mace zan yi maganar don su suka fi tambayata, amma maza ma hanyar ɗaya ce, kuma wallahi ana buƙatarsu sosai a wod ɗin maza da sashen haɗari.

Kafin komai, ƙanwata, ki san ƙofar da za ki shiga. Duk wadda take kiran kanta nas a ƙasar nan, dole sunanta ya kasance a rajistar hukumar NMCN, wato hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, ita ke amincewa da makaranta, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasin. Abin nan da ake kira ogziliyari, a kai yarinya asibitin kuɗi ta koyi allura da sa ruwa a ba ta wata takarda mai hatimi, hukumar ba ta san da shi ba. Akwai yarinyar maƙotanmu, shekara biyu cur tana share wod tana kwana a wani asibitin kuɗi, babanta ya biya kuɗin koyo, ya ɗinka mata fararen kaya, ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ta kai takardar aka ce mata ba a san wannan ba. Har yau in na tuna yadda ta zauna a tsakar gidanmu tana kuka sai raina ya ɓaci, don yarinya ce mai ƙoƙari, hanya kawai aka ɓatar mata. Saboda haka kafin ki biya ko sisi ki tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda NMCN ta amince da su, suna sa jerin a shafinsu na intanet.

A nan cikin garin Bauchi muna da Kwalejin Aliko Dangote ta koyon aikin jinya, ta jiha ce, ga kuma makarantar da ke ƙarƙashin asibitin koyarwa na ATBU. In kina Gombe akwai kwalejin jinya da ungozoma ta jihar. Ita kuwa kwalejin Ningi da ta Kaltungo, ma'aikatan lafiya na al'umma suke yayewa, wato CHEW, aiki ne mai daraja amma layinsa daban, hukumarsa ma daban, kar ki shiga can da tunanin za ki fito da lasin ɗin nas.

Sai maganar rizal, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Kiredit biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a WAEC ko NECO, kuma kar ya wuce zama biyu. Ba maganar "ai ina da kiredit bakwai", in Fizis ɗinki D7 ne to ba ki da komai tukun, ki koma ki gyara. Wannan ya sa nake roƙon iyaye, in kun san yarinya tana son wannan layin tun daga aji huɗu na sakandare a sa ta ajin kimiyya, kar sai ta gama da darussan adabi sannan a zo ana neman wanda zai yi alfarma. Alfarma ba ta aiki a nan, ko makaranta ta rufe ido ta ɗauke ki, ranar da aka tura takardunki Abuja don rajista za a dawo da su.

Daga nan ki ɗauko duk takardunki ki baje su a kan tabarma, NIN, rizal, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, ki karanta su harafi bayan harafi. In wannan ya ce Aishatu wancan ya ce Aisha, ko ranar haihuwa ta bambanta, ki gyara yanzu tun babu gaggawa. Ƙaramin abu ne amma na ga ya tsayar da mutum shekara guda.

Yanzu tsarin ya canza, ba kamar lokacinmu ba da kawai za ki sayi fom ɗin makaranta ki yi shekara uku ki fito. Yawancin kwalejojin sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara biyu da biyu, kuma ta JAMB ake shiga. Za ki tura NIN ɗinki ta tes zuwa 55019 da layin da yake naki na kanki, a turo miki lambar da za ki sayi fom da ita, ki je cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawar kwamfuta, da aka amince da ita ki yi rajista, darussan kuma Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Ki zaɓi kwalejin da kike so a fom ɗin, kuma don Allah ki tsaya a kan mai cike miki ki ga abin da yake dannawa, kar ki miƙa takarda ki tafi sayen awara. Ki riƙe layin wayar nan da kyau kar ya ɓace. In digiri kike so a jami'a, shi shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti. Akwai kuma gajeren tsari na shekara biyu na nas ko ungozomar karkara, wanda aka yi domin 'yan ƙauyuka su koya su koma su yi wa garinsu aiki a ƙananan asibitoci, in daga ƙauye kike ki tambaya a sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, yana da lasin ɗinsa na gaske.

Bayan sakamakon JAMB ya fito makaranta za ta buɗe nata fom ɗin na skirinin. Ta shafinta kawai za ki biya, duk wanda ya ce ki tura kuɗi akawun ɗinsa zai sa sunanki a lis, ɗan damfara ne. Jarrabawar a kwamfuta ake yawan yi, in ba ki saba ba ki je kafe ki riƙa gwadawa. In an kira ki intabiyu ki sa kaya masu mutunci, ki yanke farce, ki je da orijinal ɗin takardu da fotokofi. Za su iya tambayarki me ya sa kike son aikin, kar ki haddace amsar wata, ki faɗi naki dalilin. Ki san Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ake dangana aikin jinya na zamani da ita, ranar haihuwarta 12 ga Mayu ita ce ranar nas ta duniya. In sunanki ya fito ki shiga CAPS, wato shafin JAMB na ba da admishin, ki karɓi admishin ɗin, ki buga takardar ki adana.

To shiga ɗin ba shi ne ƙarshe ba. Watannin farko, waɗanda muke kira PTS, su ne rariya. Za a jibga miki karatun sassan jiki, ƙasusuwa 206 kowanne da sunansa, yadda zuciya take harba jini, ga firaktikal na gyaran gado da awon jini da zafin jiki da ƙirga bugun zuciya. Na tuna yatsuna biyu a kan wuyan hannun ƙawata, idona a kan agogo, ina ƙirgawa ina rikicewa ina sake farawa, malama tana tsaye a kaina ba ta ce uffan ba. Wadda ta faɗi jarrabawar PTS gida ake mayar da ita, don haka a wannan lokacin ki rage zuwa biki, ki nemi ƙawaye biyu ko uku masu karatu ku riƙa bita da daddare. In kin haye sai makaranta ta tura sunanki NMCN a ba ki lambar indeks, ki tambaya ki ga lambar da idonki ki rubuta ta a wuri mai kyau, don in babu ita ba zama jarrabawar hukuma.

Daga nan sai fostin zuwa wod, dutin safe da na yamma da na dare, wankin ciwo, juya mara lafiyan da ba ya iya motsi, kwashe abin da danginsa ma suke kau da kai. In kina da aure ko ana shirin yi, ku zauna da maigida tun yanzu ya san akwai kwana a asibiti. Kowane aiki da kika yi ki kai littafin da ake rubuta ayyukan da kika koya, sistar wod, wato babbar nas ɗin wod ɗin, ta sa hannu a ranar, kar ki tara, don sai an duba littafin nan kafin a bar ki ki zauna jarrabawar ƙarshe ta hukuma, wadda ake yi a kwamfuta sannan a gwada ki a aikace kina zagaya tebur-tebur ana kallon hannunki. In kin ci, makaranta ce za ta tura sunanki a yi miki rajista, ki bi sawu har lasin ɗin ya zo hannunki, ki duba ranar da zai ƙare don ana sabunta shi.