Yadda za ka haɗa furojet kan jaridu da zaɓe ba tare da ka ɓace a hanya ba

Duk shekara in lokacin furojet ya zo sai ka ga 'yan ajin ƙarshe na sashen aikin jarida a Jami'ar Jos suna yawo a Naraguta da take irin "Rawar da kafafen yaɗa labarai ke takawa a zaɓen Najeriya". Ɗan uwa wannan take ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko shekara biyar aka ba ka ba za ka gama ba, kuma wallahi abin yana damuna don yara ne masu ƙoƙari, taken ne ke kayar da su tun kafin a fara.

To ka matse shi. Wane zaɓe, wace jarida, daga yaushe zuwa yaushe. Misali ka ce za ka duba yadda Daily Trust da Nigeria Standard suka kawo labaran takarar gwamnan Filato daga 12 ga Oktoba 2022, ranar da INEC ta buɗe kamfen ɗin gwamnoni, zuwa 18 ga Maris 2023 da aka yi zaɓen bayan ɗage shi da mako guda saboda sake saita BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Ɗaya jarida mai zaman kanta ce daga Abuja, ɗaya ta gwamnatin jiha, kwatancen da kansa zai ba ka abin faɗa. Amma kafin sufabaiza ya sa hannu ka taka da ƙafarka zuwa laburare ka tabbatar jaridun wannan lokacin suna nan, don tsofaffin jaridu sau da yawa akwai giɓi, kar ka gama babi na uku sannan ka gano babu na Disamba gaba ɗaya.

Sai maganar ka'ida, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kowa sai ya ɗauko ta tsara ajanda ta McCombs da Shaw, wadda ke cewa batun da kafafen labarai suka fi kawowa shi mutane ke ɗauka mafi muhimmanci, don ita aka fi ji a aji. Amma ka duba me suka yi a Chapel Hill ta Amurka lokacin zaɓen 1968, aikin da ya fito a 1972: sun ƙirga batutuwan da kafafen labarai suka fi kawowa, sannan suka tambayi mutum 100 da ba su yanke wanda za su zaɓa ba wane batu ne ya fi muhimmanci a wurinsu, suka kwatanta biyun. Ɓangare biyu ke nan. In jarida kawai ka ƙirga ba ka tambayi kowa ba, to ba ajanda ka gwada ba, gara ka koma kan bayanin Entman na 1993 game da yadda ake zaɓar wani gefe na labari a fito da shi a danne saura, shi ne ya dace da mai karanta jarida zalla.

Kwana sama da 150 ba za ka karance su duka ba. Ka haɗa mako da kanka, wato ka rubuta duk Litinin ɗin da ke cikin lokacin a 'yan takardu ka yi ƙuri'a ka ciri ɗaya, haka Talata har Lahadi, ka yi sau biyu. Kowane labari ka buɗe masa layi a Excel: rana, shafi, labari ne ko sharhi ko talla, wane ɗan takara, bakin wa aka ji, batun tsaro ne ko albashi ko rikicin manoma da makiyaya ko addini da ƙabila. Tallan da aka biya kuɗi ka ware shi daban, kar ka gauraya shi da labari.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne yabo da suka. Me ake nufi da labarin da ya goyi bayan ɗan takara? Ka rubuta ma'anar a takarda tun kafin ka buɗe jarida ta farko, in ba haka ba zuciyarka ce za ta yi maka hukunci, kuma mu 'yan Jos kowa ya san yadda siyasa ke shiga jini a garin nan. Ka ba abokin karatunka kashi 10 cikin ɗari na labaran, zai fi kyau wanda ra'ayinku bai zo ɗaya ba, ya cike layukansu shi kaɗai, ku lissafa da tsarin Holsti, wato ku ga kashi nawa cikin ɗari hukuncinku ya zo ɗaya. In dacewarku ba ta kai kashi 80 ba ka koma ka gyara ma'anonin.

In kuma za ka raba takardar tambayoyi don Allah ka fita da ita, Terminus, Faringada, Anguwan Rogo, Tudun Wada, ba a zauna a hostal a cike takarda 400 da biro kala uku ba. Kar ka rubuta sunan kowa, kar ka matsa wa mutum sai ya faɗi wanda ya zaɓa.

Masu son yin na rediyo kan zaɓen 2027, ku fara naɗar shirye-shiryen kiran waya da kanku tun daga ranar farko ta kamfen, kowane fayil da sunan tasha da rana da lokaci, ku tura kwafi imel ɗinku a daren don waya tana iya ɓata.