Yadda Za Ki Koya Wa Yaro Karatun Boko A Gida

Ki sayo allo da alli a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Minti 15 na karatu bayan la'asar sun wadatar.

Fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. Ki furta, yaro ya maimaita, ya zana da yatsa a ƙasa.

Sai baƙi ɗaya kullum, ki haɗa shi da wasali: ba, be, bi, bo, bu. Don Allah kada ki yi gaggawa a nan, ni ma sai da ɗiyata ta yi sati biyu tana rikita b da d. In gaɓa (wato haɗin baƙi da wasali) ta zauna, ki haɗa biyu: ba-ba, ki-fi, ra-go.

Ɓ, ɗ da ƙ su zo daga baya. Ki jera masa "baki" da "baƙi", ya saurari bambancin da kunnensa.

Ranar Juma'a bita kawai za ku yi.